Darasi na 14: Liyafar Kaka a Gidan Abincin Sinawa

Gabatarwa

A darasin da ya gabata kun koyi sunayen abinci da yadda ake ciniki a kasuwa. Yau za mu ga yadda Bahaushe yake tsara abin da bai riga ya faru ba: yadda yake kawo shawara, da neman izini, da yin tambaya kafin ya biya kuɗi. Faɗin abin da za a yi gobe ba shi da wuya a Hausa. Wuyar tana wajen sanin wanda za a fara faɗa wa, da wanda za a aika ya faɗa, da kalmar da za a zaɓa. Yaron da ya shiga ɗakin kakarsa ya ce "za ki bi mu ranar Laraba" bai karya ƙa'idar nahawu ba, amma ya karya wata ƙa'ida da ta fi ta nauyi.

Karatu

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin Gombe ya buɗe. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka ƙaru, aka kafa sababbin unguwanni, otal-otal da gidajen abinci suka yawaita. Wanda a da bai san cin abinci a waje ba sai tsire da balangu da masa, yanzu yakan zauna a kujera a miƙo masa takarda ya zaɓi abin da ransa yake so. Duk da haka, dattawa da yawa, musamman mata, har gobe suna ganin cin abinci a bainar jama'a abin kunya ne.

A unguwar Jekadafari akwai wani gida da wata dattijuwa take zaune tare da ɗanta na fari da iyalinsa. Kowa Kaka yake ce mata. Kamar yawancin tsararrakinta, ba ta san ranar da aka haife ta ba. Abin da ta riƙe shi ne tana da shekara 5 Nijeriya ta sami mulkin kai, wato a 1960. Da za ta tafi aikin Hajji, mai cika takarda ya rubuta mata 1 ga Janairu, 1955. Da wannan lissafi, ranar Laraba, 1 ga Janairu, 2025, za ta cika shekara 70.

Baffa, ƙanen Baba, shi ya tayar da zancen. Ɗan kasuwa ne, kuma yakan je birnin Gwanzu na ƙasar Sin saro kaya. Wata rana da daddare, bayan an ci tuwo, ya ce ya ga wani gidan abinci a garin nan da yake dafa irin abincin da yakan ci a can.

"Yaya," in ji shi, "me zai hana mu kai Inna ta ɗanɗana? Ranar hutu ce, kowa yana gida."

Baba ya yi shiru, sannan ya ce shi bai saba da bikin ranar haihuwa ba, kuma ba ya son a kunna kyandir a yi wa mahaifiyarsa waƙa a gaban mutane. Mama ta tuna musu cewa a watan Janairu ake biyan kuɗin makaranta. Goggo, ƙanwar Baba, tambaya ɗaya ta yi: "Me ake zubawa a cikin abincin?"

Ba wanda ya ce wa Baffa a'a, ba kuma wanda ya ce masa to. Haka shawara take tafiya a gidan Bahaushe: kowa ya ajiye damuwarsa a tsakiya, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka yarda ba kyandir, ba waƙa. Za a ci abinci, a yi addu'a, a gode wa Allah. Aka yarda a yi karo-karo, kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. Tambayar Goggo kuwa aka ɗora wa Yaya, babban ɗan gidan, ya je ya bincika. Saura abu ɗaya, wanda ya fi duka: ita Kaka ba ta san ana yi ba.

Baba ba zai iya zuwa da kansa ba. Shi ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsa da mahaifiyarsa; ko sunansa ba ta faɗa. Sai aka aiki 'yarsa, wadda ake kira Ummi domin sunan Kaka ta ci. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma abin da ya yi wa ɗa nauyi a baki, jika yakan faɗe shi cikin raha.

Tattaunawa ta ɗaya: Ummi da Kaka

Ummi: Salamu alaikum. Kaka, barka da hutawa.
Kaka: Wa alaikumus salamu. Kishiya, me kuma kika zo nema? In kuɗi ne, babu.
Ummi: Haba takwara! Saƙo aka ba ni. Ana so a fita da ke cin abinci ranar Laraba ta sama, idan kin yarda.
Kaka: A fita da ni? Tukunyar gidan nan ce ta fashe?
Ummi: Tukunya lafiya lau. Baffa ne ya ce kin cika 70, ya kamata a taru a gode wa Allah, ki ɗanɗana abincin mutanen Sin.
Kaka: Masu ci da tsinken nan? Da tsufana in koma koyon cin abinci?
Ummi: Akwai cokali. An kuma ce akwai ɗaki na daban, ba mai ganinki sai mu.
Kaka: Wa yake yanka musu nama?
Ummi: Yaya zai je ya tambaya gobe. In bai gamsu ba, an fasa.
Kaka: Shi wancan ya sani?
Ummi: Baba ne ma ya aiko ni.
Kaka: To, ma gani.

Ummi ta koma jiki a sanyaye, tana zaton an ƙi. Mama ta yi murmushi ta ce, "Ba ki san kakarki ba. Da ƙi za ta yi, cewa za ta yi ku dai je, Allah ya kiyaye hanya."

Wane ne abincin Sinawa?

Ƙasar Sin tana da mutane fiye da biliyan 1 da miliyan 400, saboda haka abincinta ba iri ɗaya ba ne. A kudu, inda ruwa yake da yawa, shinkafa ce gaba. A arewa alkama ta fi, ana yin taliya da ita. Mutanen lardin Sichuwan suna son yaji sosai, mutanen Gwanzu kuwa sun fi son ɗanɗano mai sauƙi. Yawancin girkin akan yanka nama da kayan lambu ƙanana, a soya su sama-sama a kasko mai zurfi a kan wuta mai ƙarfi, tare da citta da tafarnuwa da albasa. Tun da an riga an yanka kome ƙanana a kicin, mai ci ba ya bukatar wuƙa. Tsinke biyu sun ishe shi.

Ba a zuba wa kowa nasa kwano daban. Ana jera faranti iri-iri a tsakiyar teburi, sau da yawa a kan faifan gilashi mai juyawa, kowa ya ɗebi kaɗan daga nan, kaɗan daga can. Babba shi ake zaunarwa a wurin girma, shi kuma yake fara ci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana cin tuwo a akushi ɗaya da 'yan'uwansa. Abu ɗaya da Sinawa suke ƙi shi ne a soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin yana kama da turaren da suke kunna wa mamata. A ranar haihuwa kuma sukan dafa doguwar taliya wadda ba a yankawa, alamar fatan tsawon rai.

Tambayar Goggo tana bisa hanya. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar Sin, kuma wasu kuku sukan ɗiga giyar shinkafa a girki don ƙamshi. Amma a ƙasar akwai Musulmi miliyoyi, kamar ƙabilar Hui da ta Uigur, waɗanda suke da gidajen abincin halal, kuma taliya da naman sa ta birnin Lanzhou, wadda ta shahara a duk ƙasar, daga hannun Musulmi ta fito. Sunan abinci kawai ba ya gaya maka abin da yake cikin tukunya. Sai an tambaya.

Tattaunawa ta biyu: Yaya da manaja

Yaya: Ranka ya daɗe, barka da aiki.
Manaja: Barka kadai, malam. Bismilla, ga wuri.
Yaya: Na gode. Muna so mu kawo kakarmu cin abinci ranar 1 ga wata. Mu 12 ne, har da yara 4. Ko za mu sami ɗaki na daban?
Manaja: Za a samu. Da wane lokaci?
Yaya: Bayan La'asar, mu tashi kafin Magariba. Hunturu ne, ba ta son fitar dare. Amma ina da 'yan tambayoyi, a yi mini haƙuri.
Manaja: Ba kome, ai don haka muke nan.
Yaya: Daga ina kuke sayen nama?
Manaja: Daga kwata, a garin nan. Kaji kuwa a nan ake yanka su.
Yaya: Kuna dafa naman alade, ko kuna sa giya a girki?
Manaja: Ba ma yi. Amma bari in kira kuku ka ji daga bakinsa.
Yaya: Madalla. Sai kuma maganar gishiri. Kakarmu tana da hawan jini.
Manaja: To, sai a rage ruwan ɗanɗanon waken soya a nata, don gishiri gare shi ƙwarai. A dafa mata kifi da turiri.
Yaya: Autanmu kuma gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Ko kaɗan ya ci, sai jikinsa ya kumbura.
Manaja: Gara da ka faɗa. Akwai kazar da muke yi da gyaɗa, sai a cire ta. Ba za a sa man gyaɗa ba kuma, zan rubuta wa kuku.
Yaya: Nawa ne duka?
Manaja: Naira 100,000.
Yaya: Akwai wani abin da za a ƙara a kai?
Manaja: Sai haraji, kashi 7.5 cikin 100.
Yaya: To, a rubuta mini duka a takarda. Ga Naira 40,000 kafin alƙalami. A ba ni rasiɗi.

Ku dubi tambayar Yaya ta ƙarshe. Da bai yi ta ba, da sai ranar liyafa, a gaban Kaka da baƙi, za a miƙo takarda da ƙarin Naira 7,500 da ba wanda ya shirya wa. Masu koyon Hausa sukan ji nauyin yawan tambaya, suna tsoron a ce sun cika bincike. A ganina wannan tsoro ba shi da tushe. Bahaushe ba ya ƙin tambaya. Abin da yake ƙi shi ne tambayar da ba gaisuwa a gabanta, ba kuma "a yi mini haƙuri" a cikinta.

Ga abin da aka zaɓa: soyayyar shinkafa babban faranti 3, kowane Naira 9,000, taliya faranti 2, kowane Naira 8,000, kaza da kayan lambu faranti 2, kowane Naira 12,000, kifi 1, Naira 15,000, wani abu da takarda ta kira tofu, faranti 2, kowane Naira 5,000, ruwa da lemo, Naira 8,000. Baffa ya ɗauki rabin kuɗin abinci. Baba ya ba da Naira 30,000, Yaya ya ba da Naira 20,000, Goggo ta biya Keke Napep zuwa da dawowa. Harajin kuwa, Mama, wadda ta fara kukan kuɗi, ita ta fitar da shi daga adashinta ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ranar liyafa aka zaunar da Kaka tana fuskantar ƙofa. Baba ya yi addu'a. Yara suka yi ta kokawa da tsinke, shinkafa tana zubewa, har Auta ya haƙura ya ɗauki cokali. Da aka kawo doguwar taliya, Baffa ya yi bayanin ma'anarta. Kaka ta ce, "Tsawon rai na Allah ne," ta datse ta da cokali ta ci abinta. Da ta ɗanɗana tofu kuwa, sai ta dubi Baffa ta ce, "Ashe awara ce! Har wata ƙasa ka je ka gano mini abin da ake soyawa a ƙofar gidanmu?"

Gaskiyarta. Da waken soya ake yin su duka biyu: a jiƙa, a niƙa, a tace, a dafa ruwan, a zuba abin da zai sa ya daskare, a matse. Sinawa sun daɗe da sanin wannan sana'a ƙarnuka da yawa kafin ta iso ƙasar Hausa. Da za a tashi, Kaka ta sa aka ƙulle mata sauran abincin, ta ce maƙwabta ma sai sun ɗanɗana.

Ma'anar kalmomi

Liyafa: taron cin abinci don girmama wani.
Karo-karo: kuɗin da mutane suke haɗawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa.
Kafin alƙalami: wani ɓangare na kuɗi da ake bayarwa tun kafin a yi aiki.
Bainar jama'a: wurin da kowa yake gani.
Takwara: wanda sunanku ɗaya.
Cin suna: a raɗa wa jariri sunan wani babba a dangi. Domin kunya, sai a sa masa laƙabi kamar Ummi ko Abba.
Kwata: wurin da mahauta suke yanka dabbobi.
Bai karɓe shi ba: yana cutar da jikinsa.
Baffa da Goggo: ƙane ko wan uba, da ƙanwa ko yar uba. Ta wajen uwa kuwa Kawu da Inna ake cewa. A wasu gidaje, kamar wannan, 'ya'ya sukan kira mahaifiyarsu Inna.

Nahawu: hanyoyi uku na maganar abin da bai faru ba

Hanya ta farko ita ce lokaci mai zuwa na ɗaya: zan, za ka, za ki, zai, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Ana amfani da shi ga abin da aka riga aka yanke. Yaya zai je gobe. Za a samu. Wajen korewa ana sa "ba" a farko da ƙarshe: Ba za a sa man gyaɗa ba. Ɗalibai da yawa sukan manta da "ba" ta biyu, jimla ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce lokaci mai zuwa na biyu: na, ka, kya, ya, ta, ma, kwa, sa, a. A rubutu wasunsu suna kama da na shuɗaɗɗen lokaci, amma a furuci ana jan wasalin, murya kuma ta tashi ko ta sauka. Ku saurari malaminku. Wannan lokaci ba ya ɗaure mai magana. Ma gani. Kya ji daɗinsa. Sa zo. Shi ya sa Ummi ta rikice: Kaka ba ta yi alkawari ba, ba ta kuma rufe ƙofa ba. Dattawa suna son wannan lokaci, domin yana barin wuri ga abin da Allah ya nufa.

Hanya ta uku, wadda ta fi muhimmanci a darasin yau, ita ce umartau: in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a. Sunansa yana nuna umarni, amma aikinsa ya wuce nan. Da shi ake kawo shawara da fata da roƙo, musamman bayan kalmomi irin su "ya kamata", "bari", "sai", "gara", "me zai hana" da "ana so". Me zai hana mu kai Inna? Bari in kira kuku. Sai a rage gishiri. Korewarsa da "kada" ko "kar" ake yi: Kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.

Ku lura da ƙaramar kalmar nan "a". Yaya bai ce wa manaja "ka ba ni rasiɗi" ba, cewa ya yi "a ba ni rasiɗi". Ummi ba ta ce "Baba yana so ki fita" ba, cewa ta yi "ana so a fita da ke". Idan aka ɓoye mai aikatawa, magana takan yi laushi, domin ba a nuna kowa da yatsa ba. Ku gwada waɗannan jimloli uku a bakinku, ku ji bambancinsu: Za ki zo. Ki zo. Ana so a zo da ke, idan kin yarda. Ta farko sanarwa ce, ta biyu umarni, ta ukun ce kaɗai za a iya shiga da ita ɗakin Kaka.

Tambayoyi

1. Ta yaya aka gane shekarar da aka haifi Kaka?
2. Waɗanne damuwoyi Baba da Mama da Goggo suka kawo, kuma yaya aka warware kowace?
3. Me ya sa Baba bai je wurin Kaka da kansa ba? Wa take nufi da "shi wancan"?
4. Me ya sa Kaka take kiran Ummi kishiya?
5. Nawa ne kuɗin abinci tare da haraji? Nawa ya rage a biya bayan kafin alƙalami? Rubuta amsarka da kalmomi.
6. Kore waɗannan jimloli: Za mu tafi da dare. Ku soke tsinke a shinkafa. Zai ci gyaɗa.
7. Sake faɗin waɗannan ta hanyar ladabi, kana amfani da "a": Ka kawo ruwa. Ki rage gishiri. Ku rufe ƙofa.

Aikin aji da na gida

Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama manaja, ɗaya kuku, ɗaya mai shirya liyafa. Mai shirya liyafa ya yi tambaya aƙalla 6, ciki har da ta abin da wani ɗan gidansu ba ya ci, ko don addini ko don lafiya. Kada a fara ba gaisuwa.

A gida, ka tambayi wani dattijo da wane abin tarihi yake lissafa shekarunsa. Sannan ka rubuta layi 10 da Hausa, kana bayyana yadda ake gayyatar babba zuwa taro a al'adar ƙabilarku: wa ake aikawa, da wane lokaci, da waɗanne kalmomi.